Sensar maganaɗisu a injin ƙyanƙyasar ƙwai: yadda za ka san inda farantin yake

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka a taƙaice ita ce: kana haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai da Arduino Uno, ɗan allon kwamfuta da ake rubuta wa kod ya sarrafa injin, ƙaramin moto mai 12V yana karkata farantin ƙwan dama da hagu, makunnan iyaka da ka fara sawa sun soma ƙin kamawa, sai ka sayo sensar Hall mai lamba A3144 guda biyu da ƙaramin maganaɗisu. Yanzu ɗaya tana kamawa tun daga nesa, ɗayar kuma sai maganaɗisun ya kusa taɓa ta, wani lokaci ma farantin ya wuce moton bai tsaya ba. Kana so ka san ko jabu aka sayar maka, kuma ko akwai sensar da za ta riƙa faɗa maka kusurwar farantin a kowane lokaci.

Da wuya a ce jabu ce. Gaskiya ne kamfanin Allegro ya daɗe da daina ƙera A3144, kuma mafi yawan waɗanda ke kasuwa yau wasu kamfanoni ne ke yin su a kan wannan tsari, amma suna aiki. Abin da nake so ka riƙe shi ne, wannan ɗan baƙin abu mai ƙafa uku rabin sensa ne kawai. Ɗaya rabin shi ne maganaɗisun, da fuskar da ya juyo, da tazarar da ka bari, da hanyar da yake bi idan zai wuce. Masu koyo sukan kwana a kan kod suna gyara, alhali matsalar tana jikin katakon da suka manna maganaɗisun.

Bari mu fara da abin da sensar take aunawa. A shekarar 1879 Edwin Hall, yana ɗalibi a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, ya ratsa lantarki ta cikin siririn fallen zinariya, ya sa fallen a cikin ƙarfin maganaɗisu, sai ya ga ɗan bambancin lantarki ya bayyana tsakanin gefe da gefen fallen. Maganaɗisun yana ture lantarkin da ke gudu zuwa gefe ɗaya. Cikin A3144 ɗinka akwai irin wannan falle na silikon, da abin da ke ƙara wa siginar ƙarfi, da makunni. Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, fallen ba ya jin komai sai ƙarfin da ya ratsa shi ta fuska, wato ta gefen da aka yi rubutu. Idan layukan ƙarfin suna tafiya a kwance da fuskar, kamar babu maganaɗisun ne. Na biyu, ya san bambancin kan arewa da kan kudu. A3144 tana kamawa ne idan kan kudu ya fuskanci gefen rubutun. Ka juyo mata kan arewa, ko manna shi ka yi a jikinta ba za ta motsa ba, sai dai in ta bayanta ka kawo shi. Don haka kafin ka shafa gam, ka gwada fuskokin biyu, ka ɗiga fenti a fuskar da ta kunna sensar. In kana da kamfas ma ya isa: tsinin allurar da ke nuna arewa zai juyo zuwa kan kudu na maganaɗisun.

Yanzu ga dalilin da ya sa sensocinka biyu suka saɓa. Takardar bayanan A3144 ta ce a zafin ɗaki tana iya kamawa a ko'ina tsakanin gaus 70 zuwa 350 (gaus ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne). Wato kamfanin da kansa bai yi maka alkawarin lamba ɗaya ba. Wata za ta fito mai saurin ji, wata mai nauyin ji, dukansu kuma lafiyayyu ne. Sannan ƙarfin ƙaramin maganaɗisu yana faɗuwa da sauri ƙwarai idan ka ja baya. Da zarar ka yi nisan da ya ɗan ninka girman maganaɗisun, ninka tazara sau biyu yana mayar da ƙarfin kashi ɗaya cikin takwas. Haɗa waɗannan biyun, sai ka ga mai saurin ji za ta iya kamawa a tazarar da ta kusa ninka ta mai nauyin ji. Ita wannan a milimita 10, waccan a milimita 6, ba abin mamaki ba ne ko kaɗan.

Maganinsa ba sayen wata sensa ba ne, awo ne. Ka shimfiɗa farar takarda a kan tebur na katako, ba na ƙarfe ba. Ka manna sensar a tsaye da salatif a bakin rula, ka haɗa mata 5V, ka sa resista 10k daga ƙafar fita zuwa 5V, sannan ka sa mitarka a ƙafar fita. Ka riƙa turo maganaɗisun a hankali da tsinken ashana har mita ta faɗi daga 5V zuwa kusan sifili, ka ja layi da fensir a wurin. Sai ka riƙa janye shi a hankali har mita ta koma 5V, ka ja layi na biyu. Za ka ga layukan ba wuri ɗaya suke ba, na sakin ya fi na kamawar nisa da ɗan kaɗan. Da gangan aka yi haka. A A3144 bambancin ƙarfin kamawa da na saki yakan kai gaus 55, kuma shi ne ke hana siginar rawa idan farantin ya tsaya daidai bakin iyaka fanka tana girgiza shi. Ka yi wa kowace sensa wannan awo, ka rubuta a jikinta. Lokacin ɗaurawa kuma kada ka sa tazarar a bakin layin kamawa. Ka sa ta wajen rabin wannan nisa. Sensar da ta kama a milimita 8 a kan tebur, ka ba ta milimita 4 a jikin injin, domin katako yana kumbura da laima, noti yana kwancewa, faranti mai ƙwai kuma yana lotsawa fiye da wanda babu komai a kansa.

To ga inda gizo ke saƙa, batun farantin da ke wucewa. Hanya biyu ake kawo wa sensa maganaɗisu. Ko dai ya taho mata gaba da gaba har ya tsaya a gabanta, ko kuma ya gifta ta gefe kamar zai wuce. A ta farko ƙarfin sai ƙaruwa yake yi har ƙarshe, sensa ba za ta taɓa saki ba, amma in moton bai tsaya ba zai murƙushe ta. A ta biyu babu karo, shi ya sa aka fi sonta, sai dai tana da taga: sensar tana kamawa na ɗan wani tsawo ne kawai, maganaɗisun yana wuce tagar sai ta saki, Arduino kuma ya ɗauka ba a iso ba tukuna. Daga bayaninka, ta biyun ka yi.

Mu yi lissafi. A ce farantin yana ɗaukar daƙiƙa 10 kafin ya gama digiri 90, daga 45 na wannan gefe zuwa 45 na wancan, kuma maganaɗisun yana santimita 10 daga sandar juyawa. Gudunsa a nan ya kai kusan milimita 16 a daƙiƙa. Idan faɗin tagar milimita 5 ne, kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa kawai sensar take a kunne. Yanzu ka duba kod ɗinka. Injin ƙyanƙyasa dole yana auna zafi da laima. In sensar zafi da laima DHT22 ce kake amfani da ita, mutane da yawa suna sa delay(2000) saboda ba a karanta ta fiye da sau ɗaya cikin daƙiƙa biyu. In sensar zafi DS18B20 ce, tana ɗaukar milidaƙiƙa 750 kafin ta gama awo a cikakken ma'auninta, kuma laburaren da aka saba amfani da shi yana tsayar da komai ya jira ta in ba ka hana shi ba. Cikin wannan jiran maganaɗisun ya zo ya wuce, babu wanda ya gan shi. Shi ya sa abin yake faruwa wani lokaci kawai, ba kullum ba.

Gyaran kod ɗin mai sauƙi ne. A Uno, fin 2 da fin 3 suna iya katse duk abin da Arduino ke yi nan take. Ka haɗa sensocin biyu a kansu, ka yi amfani da attachInterrupt a kan FALLING, cikin ɗan aikin da za a kira kuma kada ka yi komai sai kashe moton da ɗaga tuta, wato canza wata alama a kod da ke nuna sensa ta kama, ka sa wa tutar volatile. Ko kuma, mafi sauƙi, muddin moton yana tafiya kada Arduino ya yi wani aiki sai kallon sensar. Zafin akwatin ba zai gudu cikin daƙiƙa 10 ba. Abin da bai kamata ka bari ba shi ne kod ya riƙa tambayar "sensa tana kunne yanzu?" domin sanin inda farantin yake. Ya kamata ya tuna cewa ta kunna, ya rubuta "ina dama", ya riƙe wannan har sai ɗaya sensar ta kunna.

Amma ni na fi son a gyara jikin injin tukuna. Ka faɗaɗa tagar: maganaɗisu mai ɗan tsawo, ko biyu a jere fuskarsu ɗaya, yadda ko moton ya zarce da 'yan milimita sensar tana nan a kame. Ka matsar da maganaɗisun nesa da sandar juyawa gwargwadon iko. A santimita 10, digiri ɗaya daidai yake da milimita 1.75 na tafiya. A santimita 2 kuwa milimita 0.35 ne kacal, kuskuren milimita ɗaya ya zama kusan digiri uku. Sannan in rile biyu, wato makunnan da Arduino ke kunnawa da lantarki, kake amfani da su wajen juya moton gaba da baya, ka haɗa su yadda idan dukansu sun saki, wayoyin moton biyu za su haɗu a ƙasa ɗaya, wato wayar GND. Moton da aka haɗe wayoyinsa yana taka wa kansa burki, ba ya ci gaba da gangarawa. A ƙarshen hanyar kuma, digiri kaɗan bayan inda sensar take, ka kafa ɗan katako da zai tare farantin ko da komai ya lalace.

Haɗin wayar ma sai an lura. Ka fuskanci gefen rubutun ƙafafun suna ƙasa: ta hagu wuta, ta tsakiya ƙasa, ta dama fita. Ƙafar fitar ba ta ba da wuta da kanta, ja kawai take yi zuwa ƙasa, don haka sai da resista 10k daga ita zuwa 5V. INPUT_PULLUP na cikin Arduino yana aiki in wayar gajera ce, amma resistarsa ta kai 20k zuwa 50k, kuma doguwar waya kusa da moto tana kwaso hayaniya. In wayar ta yi tsawo ka sa 4.7k a waje. Ka manna kafasita 100nF tsakanin ƙafar wuta da ta ƙasa, dab da jikin sensar. A3144 ba ta aiki a ƙasa da 4.5V, saboda haka in moton da Arduino suna shan wuta a wuri ɗaya mai rauni, lokacin da moton ya tashi wutar tana iya faɗuwa sensar ta ruɗe. Idan wata rana ka koma ESP32, wani allo irin Arduino mai aiki da 3.3V, ka ci gaba da ba sensar 5V, resistar kawai za ka kai 3.3V, shi ke nan fin ɗin ya tsira. Kuma kada ka ɗaura sensa a jikin moton, ko kusa da rile, ko taransifoma, duk suna da nasu ƙarfin maganaɗisu.

Akwai abu guda da ba na so ka tsallake, domin ƙwai ne a ciki, kwana 21 kuma ba wasa ba ne. Da wannan haɗin, idan wayar sensa ta tsinke, resistar za ta ja fin ɗin sama, Arduino kuma zai karanta "ba a iso ba" har abada. Tsinkewar waya da rashin isowa kamanninsu ɗaya a idonsa. Dole ka sa iyakar lokaci. In tafiyar daƙiƙa 10 ce, bayan 15 a kashe moton, a kunna ƙararrawa, kuma kada a sake gwadawa sai mutum ya zo ya duba. Haka nan in sensocin biyu suka nuna suna kunne lokaci ɗaya, wannan ba zai yiwu ba a zahiri, a ɗauke shi a matsayin lalacewa. Layi huɗu ko biyar ne na kod.

Za ka ji wasu suna cewa ka yi amfani da makunnin rid, wannan ɗan kwalbar mai harsunan ƙarfe biyu a ciki da ake sawa a ƙararrawar ƙofa. Yana da kyau: ba ya shan wuta, bai damu da kan arewa ko kudu ba, waya biyu ce kawai. Amma kwalbar tana tsagewa in ka lanƙwasa ƙafarsa dab da ita, harsunan suna ɗan tsalle kafin su zauna sai ka tace a kod, kuma maganaɗisun da ke giftawa a kwance yana iya sa ya kama har sau uku a wucewa ɗaya. Ga aikin da ke kan batir yana barci, shi ne zaɓina. Ga naka, tunda Hall ɗin suna hannunka, ka zauna a kansu.

Sai rabin tambayarka na biyu, kusurwa. A3144 kamar maigadi ce da ke zaune a bakin ƙofa: in baƙo ya iso zai faɗa maka, amma bai san inda yake a hanya ba. Mai faɗin "ina yake" wata iri ce daban.

Mafi araha ita ce 49E, asalinta SS49E ta Honeywell. Jikinta da ƙafafunta iri ɗaya ne da A3144, har ana rikita su a shago. A cikin kayan koyo, allon KY-003 shi ne mai 3144, KY-035 kuma mai 49E. Gane ta ba wuya: ka ba ta 5V ba tare da maganaɗisu ba, ƙafar fita za ta nuna kusan 2.5V. Wani kan yana ɗaga wannan lamba, ɗayan yana saukar da ita, kimanin 1.4mV a kan kowane gaus. Uno yana raba 5V gida 1024, kowane gida kusan 4.9mV, wato gaus uku da rabi. Ana iya auna tafiya da ita, amma gajera, santimita ɗaya zuwa biyu. Kuma in gaba da gaba ka kawo maganaɗisun, lambobin ba za su tafi daidai da nisan ba: daga nesa kusan ba sa motsi, dab da sensar kuma sai su yi tsalle. Dabarar ita ce a sa maganaɗisu mai tsawo ya gifta a kwance, kan arewa a wannan ƙarshe kan kudu a wancan. Yayin da tsakiyarsa ke gaban sensar ana samun 2.5V, kuma a yankin tsakiyar nan lambar tana hawa da sauka kusan daidai da tafiyar. Da haka ake yin maƙurar kekuna masu lantarki da wasu sandunan wasan kwamfuta. Ga faranti mai digiri 90 sai ka yi ta awo kana rubuta jadawali, kuma duk ranar da tazarar ta motsa da rabin milimita jadawalin ya tashi aiki. Ba zan ba ka shawarar wannan ba.

Abin da aka ƙera domin kusurwa shi ne AS5600 ta kamfanin ams na ƙasar Austriya. Ana sa ta ne a ƙarshen sandar juyawa, maganaɗisun yana manne a kan sandar yana juyawa a gabanta ba tare da taɓawa ba. Cikinta akwai fallayen Hall da aka jera a zagaye, tana kwatanta abin da kowanne ya ji ta fitar da alkiblar ƙarfin. Tunda alkibla take dubawa, raguwar ƙarfin maganaɗisun kaɗan ba ta canza amsar. Tana raba zagaye ɗaya gida 4096, kowane gida bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba, digiri 45 ɗinka gida 512 ne. Ana magana da ita ta I2C, hanyar sadarwa mai waya biyu, a adireshi 0x36, a Uno fin A4 da A5, kusurwar kuma tana rajista 0x0C da 0x0D, wato gurabun ajiyar lamba da ke cikinta.

A nan ne maganaɗisun ya fi kowane wuri muhimmanci. Faifan maganaɗisu da aka saba gani, arewa tana fuska ɗaya kudu tana ɗaya fuskar. In ka juya irin wannan a kan tsakiyarsa, sensar ba ta ganin wani canji, lambobi sai su yi ta yawo ba ma'ana. AS5600 tana buƙatar wanda aka raba a tsaye, rabin da'irar arewa rabi kudu. Yawanci allon yakan zo da shi, ɗan ƙarami, kada ka yar da shi ko ka haɗa shi da sauran. Gwajinsa: irin wannan yana son mannewa da ɗan'uwansa ta gefe, kuma in ka juya shi a kwance kusa da kamfas allurar za ta riƙa bin sa tana zagayawa. Tsakiyarsa dole ta zo daidai tsakiyar sandar da tsakiyar sensar. Ga maganaɗisu mai faɗin milimita 6 kamfanin ya ba da rangwamen rubu'in milimita ne kawai in ana son cikakken daidaito. Kai ba ka buƙatar wannan tsananin, kuskuren digiri ɗaya ba zai cuci ƙwai ba, amma ka yi ƙoƙari. Tazarar kuma tsakanin rabin milimita zuwa 3. In sandar ta baƙin ƙarfe ce, kada ka manna maganaɗisun kai tsaye a jikinta, ƙarfen zai shanye layukan ƙarfin. Ka sa 'yar hular roba ko alminiyam mai kaurin 'yan milimita a tsakani. Allon ma ka ɗaure shi da sukurun tagulla ko na roba.

Abin da nake so game da ita shi ne tana faɗa maka halin da take ciki. Rajista 0x0B tana nuna ko ta ga maganaɗisu, ko ya yi rauni, ko ya yi ƙarfi da yawa. Rajista 0x1A kuma tana nuna yawan ƙarin da take yi wa siginar; ka riƙa matsar da allon gaba da baya kana kallon lambar har ta zauna wajen tsakiya, a nan za ka ɗaure. Ƙafar DIR kada ka bar ta a sake, ka haɗa ta da ƙasa ko da wuta, in ba haka ba alkiblar ƙirga za ta riƙa juyewa. Ka duba allonka da kyau kafin ka ba shi 5V, domin wasu an shirya su ne a kan 3.3V. Akwai kuma umarnin ƙona saiti a cikinta na dindindin, kada ka taɓa shi, duk abin da kake so za ka iya yi a kod. Wuri ɗaya da ke kama mutane shi ne inda lamba ke tsallakawa daga 4095 zuwa 0. Ka daidaita farantin a kwance, ka karanta lambar, ka kira ta sifili, sannan:

kusurwa = ((karatu - sifili + 2048) & 4095) - 2048;

Amsar za ta zama 0 a kwance, 512 a wannan gefe, -512 a wancan, ko ina tsallaken ya faɗa.

Game da shi kansa maganaɗisun, mai ƙyallin nan na niyodimiyam irin N35 yana fara rasa ƙarfinsa na dindindin in zafi ya haura digiri 80. Zafin akwatinka na 37.5 ba komai ba ne a gare shi, amma gam ɗin bindiga yana fitowa da zafin da ya wuce 100, ƙaramin maganaɗisu kuma yana ɗaukar zafi nan da nan. Ka yi amfani da gam mai haɗi biyu, ka lulluɓe shi gaba ɗaya, domin in rufin nikel ɗinsa ya ɓantare yana tsatsa, laimar kwanakin ƙarshe kuwa tana kaiwa kashi 65 zuwa 70. In sandar ta leƙo wajen akwatin, gara ka sa duk kayan awon a waje. Maganaɗisun cikin tsohon had dis na kwamfuta yana da ƙarfi sosai amma fuska ɗaya tana ɗauke da arewa da kudu duka, sai ka gwada ka gano rabin da ke kunna sensar. Kuma don Allah ka ɓoye ƙananan nan daga yara. Yaro in ya haɗiye biyu suna iya manne wa juna ta jikin hanji su huda shi, aikin tiyata ne na gaggawa.

Wanne za ka zaɓa ke nan? Juya ƙwai ba ya buƙatar sanin kowane digiri. Wuri uku kawai kake buƙata: dama, hagu, da tsakiya domin lokacin jera ƙwai da ranar 18 da ake daina juyawa. Ƙara A3144 ta uku a tsakiya ya biya wannan, da maganaɗisu ɗaya. Inda AS5600 ta fi shi ne ɗaukewar wuta. In aka ɗauke wuta farantin yana rabin hanya, sensocin uku duk shiru za su yi, Arduino ya farka bai san inda yake ba; AS5600 kuwa tana farkawa ta faɗi kusurwar. Amma ko wannan ana magance shi: kafin moton ya tashi, a rubuta a EEPROM, ma'ajiyar Arduino da ba ta gogewa ko an ɗauke wuta, gefen da aka nufa, in wuta ta dawo a ƙarasa tafiyar a ƙarƙashin iyakar lokacin nan. Kowane gurbi na EEPROM ɗin Uno yana ɗaukar rubutu sau 100,000, juyi ɗaya a awa zai kai ka sama da shekara 11. AS5600 tana da wata fa'idar kuma, tana ganin moton da ya maƙale cikin daƙiƙa ɗaya, tunda lamba ta daina motsi alhali an ba shi wuta.

Ni dai, da wannan injin na farko, zan tsaya a kan A3144 uku, in faɗaɗa tagar, in cire duk wani delay lokacin tafiyar moto, in sa iyakar lokaci da katakon tarewa. AS5600 ka saye ta ka koya a kan tebur, ka sa ta a injin na biyu mai faranti da yawa. Kafin ka zuba ƙwai, ka ɗora wa farantin nauyin da ya yi daidai da cikakken kiret, ƙwan kaza ɗaya kusan giram 55 zuwa 60 ne, ka rage lokacin juyi zuwa minti biyu, ka bar shi ya kwana biyu yana aiki da zafi da laimarsa yana ƙirga kowane juyi da kowace ƙararrawa. Cikin kwanakin nan ka zare filogi yana tsakiyar tafiya, ka kuma cire wayar sensa ɗaya da hannunka ka ga ko moton ya tsaya a daƙiƙa 15 ɗin.